Bature Na Shiga Rami Da Igiya Mai Ƙulli Biyu, Mai Haƙar Rijiya Fa?

A ƙasashen Turai akwai mutanen da ba su da abin sha'awa sai shiga kogunan dutse masu zurfi, waɗanda suka miƙe tsaye cikin ƙasa kamar rijiya. Sukan haɗa ayari su tafi wata ƙasa, su yi makonni a cikin duhu. A 1956 suka wuce zurfin mita 1,000 a kogon Berger na Faransa. A 2018 kuwa wasu 'yan Rasha suka kai ƙarshen kogon Veryovkina, kusa da Bahar Aswad, mai zurfin fiye da mita 2,200. Wani zai ce rashin aikin yi ne. To, ko da haka ne, akwai abin da ya kamata a ɗauka daga wurinsu.

A 1952 wani Bafaranshe, Marcel Loubens, ya faɗo a ramin Pierre Saint-Martin da ke kan iyakar Faransa da Spain, saboda maɗaurin wayar da ke riƙe da shi ya kwance. Ya rasu a ƙasan ramin, gawarsa ma sai 1954 aka iya fito da ita. Irin wannan hasara ce ta koya musu tsari. Yau ba sa ɗaura igiya a wuri guda, sai biyu, don in ɗaya ya ɓalle ɗayan ya riƙe. Ba mai sauka sai da ɗamara a ƙugu da cinyoyi, da hular kwano, da fitila ta ko-ta-kwana. Kuma kafin su shiga sai sun bar labari a waje: ga inda suka nufa, ga lokacin fitowa.

Yanzu a dawo gida. A unguwa kamar Fadaman Mada a Bauchi, ruwan famfo daga madatsar Gubi ba kullum yake isa kowane gida ba, don haka rijiya ce rufin asirin magidanta da yawa. Wanda ke haƙa ta ko yashe ta shi ma mai shiga rami ne, sai dai shi tuwo ya kai shi. Kayan aikinsa diga ne da guga da igiya ɗaya, wani lokaci ma ramukan sa ƙafa ne kawai a jikin bango. Sana'ar tsohuwa ce, ga rijiyoyin Dukkey fiye da 100 a dajin Yankari suna shaida. Amma tsufan sana'a bai hana ta cin rai.

Abin da ke kashe su yawanci ba faɗuwa ba ce, iska ce. Gurɓatacciyar iska mai nauyi takan kwanta a ƙasan rijiyar da ta daɗe a rufe, ba launi ba wari. Mutum na sauka sai jiri, sai suma. Mafi muni shi ne injin jan ruwa mai shan fetur da ake zurawa ciki ko a ajiye daf da baki, watau hayaƙinsa ya cika ramin da guba. Daga nan sai ɗan'uwansa ya ga shiru ya bi shi, na uku ya bi na biyu. Jama'a su taru su ce rijiyar na da iskoki. Iska kam akwai, amma ba wadda ake nufi ba!

Wannan magana ta shafi 'yan Arewa mazauna Kudu ta fuska biyu. Da yawa cikin masu haƙar rijiya da sokawe a Legas da Ibadan daga Arewa suka zo, kuma sarakunan Hausawa na Agege da Sabo sun san su. Bugu da ƙari, mai nema a Mile 12 ko Shasha shi ke aika kuɗi gida a haƙa masa rijiya a filinsa. Tun da shi ke biya, yana da bakin sa sharaɗi.

Sharaɗin kuwa ba mai tsada ba ne. A buɗe rijiya ta sha iska kafin a shiga. A zura fitila mai ci da wuta, in ta mutu kada kowa ya sauka. Sai dai a kula, fitila ba ta nuna gubar hayaƙin inji, kuma haɗari ne a kai wuta bakin masai ko sokawe domin iskarsu na iya kamawa. Inji ya zauna nesa da baki. Mai sauka ya ɗaura igiya ta biyu a jikinsa, a ƙulla ta a wani wuri dabam, mutum biyu na riƙe a sama, ta yadda in ya suma za a jawo shi ba sai an bi shi ba. In abu ya ɓaci a kira 'yan kwana-kwana.

Wasu masu sana'ar za su ce igiya ta biyu na hana su sakewa, kuma kuɗin ƙarin mutum daga ladansu zai fita. Ƙorafin nan na biyu gaskiya ne, saboda haka mai rijiya ne ya kamata ya sa kuɗin igiyar da na mai tsaron baki cikin ciniki tun farko, kafin a sa diga a ƙasa.