Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Matsayinmu Kan Maganar Dogon Bene



Iyayena mata, yayyena da ƙannena, shugabannin mata na mazaɓu tun daga Tambuwal, Dogon Daji, Jabo da Sanyinna har Kebbe, Kuchi, Margai da Girkau, ina gaishe ku ɗaya bayan ɗaya. Ya gida, ya ɗiya, ya haƙuri da lokaci? Saƙon ga da ɗan tsawo, ku daure ku kai ƙarshe. Wadda ba ta iya karatu ba, a karanta mata.

Kwana biyun ga kun ga hoton da ke yawo cikin guruf-guruf ɗinmu: wani dogon bene na gilashi da anka zana da kwamfuta, shina walƙiya, an rubuta ƙasansa wai irinsa ya kamata a gina a tsakiyar birnin Sakkwato, kuma wai jam'iyya ta sa shi cikin alkawuranta. Yaranmu na soshiyal midiya sun ɗauka da zafi. Har wani daga cikin manyanmu ya turo mani ya ce, "Hajiya, a sa mata su yaɗa." Na ce mashi da girmamawa, ni ban yaɗawa, kuma zan gaya wa mata dalilina a fili. To ga shi.

Ba sai mun yi dogon lissafi ba, don Najeriya ta riga ta gwada abin ga. Wadda duk ta taɓa zuwa Abuja ta ga wasu dogayen ginshiƙan kankare guda uku a tsaye tsakanin Masallacin Ƙasa da Cocin Ƙasa. Sunan aikin Millennium Tower. An fara shi a 2006, zamanin Obasanjo. Wani ɗan Italiya, Manfredi Nicoletti, ya zana shi, kamfanin Salini ke da kwangilar. Tsawonsa mita 170. An so a gama shi a 2011, lokacin da Abuja ke cika shekara ashirin da zama babban birnin ƙasa. Obasanjo ya tafi, marigayi 'Yar'aduwa ya zo, Jonathan ya zo, marigayi Buhari ya yi takwas ɗinsa, ga Tinubu. Shugaban ƙasa biyar, jam'iyyu biyu, aiki bai ƙare ba. A 2023 ministan Abuja, Nyesom Wike, ya ce za a gama cikin shekara biyu. Shekara biyun sun cika ba a buɗe ba. Yarinyar da anka haifa shekarar da anka aza tubalin ga, yau wata tana goye da nata ɗan.

Wanga a Abuja ke nan, inda baitulmalin ƙasa yake. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Mu mata, in za mu sayi ko tukunya, tambaya uku muke yi: mi zan dafa ciki, ina zan aje ta, kuma ina iya riƙon ta? Ku zo mu yi wa dogon bene tambayoyin ga.

Ta farko: mi za a yi ciki? A zanen hasumiyar Abuja, abin da anka shirya a ƙololuwarta gidan cin abinci ne mai juyawa a hankali, mutum na cin abinci shina kallon gari. A ƙasa kuma otal, ɗakunan taro, gidan tarihi da wurin aje motoci a ƙarƙashin ƙasa. Gidan tarihi abu ne mai kyau, ban musu ba, amma gidan tarihi bai buƙatar mita 170. Na tambayi masu hoton namu, na Sakkwato fa mi za a zuba ciki? Sunka ce ofisoshi da shaguna na zamani. Wace mai gumi ce daga Kuchi za ta kama shago a hawa na ashirin? Wace mai ƙuli da man gyaɗa za ta biya hayar ɗakin da sai da na'urar sanyaya ɗaki ake iya zama cikinsa? Kun san zafin Sakkwato a watan Afrilu, ya kan haura digiri 40. Gidan gilashi a ranar ga tanda ne. In hunturu ya shigo kuma, ƙura ta lulluɓe shi, sai an ɗauko masu wanke gilashi da igiya. Zane ne da anka yi wa wata ƙasa, ba tamu ba.

Ta biyu: ina za a aza shi? Sun ce tsakiyar birni. To tsakiyar birnin Sakkwato ba fili ba ne da ke jiran mai gini. Can Fadar Sarkin Musulmi take, can Hubbaren Shehu yake, can Masallacin Shehu da na Bello suke, ga gidajen mutane da sunka gada kaka da kakanni, ga kasuwa. In an ce za a buɗe wuri, rumfar wa za a fara rushewa? Kun sani na sani: ta mai ƙaramin ƙarfi, ta bazawarar da ke tuyar masa tana ciyar da marayu, wadda ba ta da takardar fili balle a biya ta diyya. Sannan ga abin da maza ba su kawo wa ransu ba. Gidanmu na Hausa, tsakar gida ita ce sirrin mace. Can muke daka, can muke wanki, can muke shan iska da zane ɗaya in zafi ya yi zafi. Wanda ya hau hawa na goma sha biyar da waya mai kyamara, tsakar gida nawa zai leƙa? Katangar da mai gida ya yi gumi ya ɗaga, ta tashi a banza ke nan.

Ta uku, ita ce babba: wa zai riƙe shi? Dogon bene ba ginin gama-ka-huta ba ne, kullum sai ya ci. Lif ba ta tashi sai da wuta. Ruwa bai hawa sama sai da famfo mai wuta. Ranar da wuta ta ɗauke, dizal ya ƙare, tsohuwar da ke hawa na ashirin ta zama fursuna. Mu da anka fara mana tashar wutar lantarki ta jiha mai megawat 38 tun 2008, shekara goma ta wuce ba mu ga haskenta ba, da wace wuta za mu ciyar da hasumiya? Ku tuna gobarar Babbar Kasuwar Sakkwato ta watan Janairun 2021. Kasuwa ce a ƙasa, ga hanya ga ƙofa, amma wuta ta cinye babban ɓangarenta, dukiyar bayin Allah ta salwanta, cikinsu har da masu ba mu kaya bashi. In wuta a ƙasa ta yi mana haka, ina ga wuta a sama, inda tsanin 'yan kwana-kwana bai kaiwa? Ku tuna kuma benen Ikoyi a Legas mai hawa 21 da ya rufta ranar 1 ga Nuwamban 2021 tun ana cikin gininsa, mutum fiye da arba'in sunka rasu, da yawansu leburori masu neman na tuwo. Allah shi jiƙan musulmin cikinsu, shi ba iyalan kowa haƙuri.

Na san abin da za a ce mani, don an riga an faɗa.

An ce zai kawo aikin yi. Gaskiya ne, na ɗan lokaci. Injiniyoyin daga waje za a ɗauko, ɗiyanmu su ɗauki kwanon siminti, ranar da kuɗin kwangila ya tsaya a sallame su. Ku kwatanta da kamfanin siminti na Kalambaina, wanda anka kafa tun zamanin Sardauna: fiye da shekara hamsin mutane na cin abinci da shi. Aikin da ke haifar da wani aiki, shi muke so.

An ce ai Ibadan na da nasu. E, akwai Cocoa House mai hawa 26, an gama shi a 1965. Amma ku duba yadda sunka jera abin. Da kuɗin kokon manomansu sunka gina shi. Kuma tun 1955, shekara goma kafin benen, gwamnatin Awolowo ta fara ba ɗiyansu ilimin firamare kyauta. Gona ta fara, makaranta ta biyo, bene ya zo daga baya. Mu ana son mu fara daga rufi mu gangaro tushe.

An ce mata ba su da hangen nesa, ba su son ci gaba. Wagga magana ta yi mani zafi. Mu ba mu ƙi tsawo ba. Hasumiyar Gobarau ta Katsina ɗaruruwan shekaru ke gare ta tana tsaye, da ƙasa anka gina ta, an yi kiran salla a kanta, an yi karatu a gindinta, an yi tsaron gari daga samanta. Tsawo mai amfani ke nan. Abin da munka ƙi shi ne tsawon gasa, na don a ce mun fi wane. Wadda ta zauna Islamiyya ta san hadisin Mala'ika Jibrilu ya ambaci gasar dogayen gine-gine cikin alamomin ƙarshen zamani. Ni ba malama ba ce, ban ce haramun ne ba. Na dai ce abin a tsaya a yi tunani ne.

Bari in gaya maku abin da ya sa na kasa danna hoton ga in tura. Damanar bara na raka ɗiyar ƙanwata haihuwa wani asibiti da dare. Babu wuta, janareto babu mai. Da fitilar wayata ungozoma ta karɓi haihuwar, hannuna na rawa, caji na ƙarewa. Allah ya sauke ta lafiya, amma ba don dabararmu ba. Wadda ta riƙe waya a ɗakin haihuwa irin haka, ba a nuna mata gidan cin abinci mai juyawa a sama ta yi guɗa.

Don haka ga matsayin da nake roƙon mu ɗauka, mu kai shi taron mazaɓu da murya ɗaya:

1. Ba mu goyon bayan a sa dogon bene cikin alkawuran jam'iyya. In wani attajiri na son ginawa da kuɗinsa, a wajen tsohon gari, bisa ƙa'ida, Allah shi ba da sa'a. Amma ban da kuɗin jama'a.

2. Duk wanda ke wakiltar Kebbe da Tambuwal a Majalisar Tarayya, ko wanda ke neman kujerar, mu tambaye shi gaba da gaba: in kasafin kuɗi ya zo da maganar ƙara zuba dukiyar ƙasa a hasumiyar Abuja, ina zai tsaya? Mu dai mun ce a nemi 'yan kasuwa su ƙarasa ta da jarinsu.

3. Abin da muke so a rubuta da sunanmu: sola da ruwa a kowane ɗakin haihuwa, ma'ajiyar albasa ta zamani, don mu daina kallon rabin wahalarmu na ruɓewa cikin rudu, injinan casar shinkafa kusa da fadamunmu, rumfunan kasuwa masu famfo da hanyar da motar kashe gobara za ta bi, da tsaron da zai bar mazanmu su je gona su dawo.

Waɗanga ba su yin kyau a hoto kamar gilashi, amma su ne kwalliyar da ke biyan kuɗin sabulu.

'Yan uwana, ranar zaɓe mu ne ke fita tun da asuba da goyo a baya, mu ne ke cika layi. Wanda ya cika layi shina da bakin magana kan abin da za a yi alkawari. Kada wadda ta zagi yaranmu masu hoton, ɗiyanmu ne, son garinsu ya sa su. A amsa masu da hujja cikin mutunci. Kowace shugabar mazaɓa ta tara matanta kafin Juma'a mai zuwa, a karanta saƙon ga, a turo mani abin da anka tsayar. Wadda ke da ra'ayi saɓanin nawa ta faɗa, ƙofata a buɗe take.

Allah shi ba mu shugabanni masu jin ƙanmu, shi zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

A tura wa sauran guruf na mata.

Taku a kullum,
Shugabar Mata, Kebbe da Tambuwal