Duwatsun Wuyan Mutanen Fir'auna: A Nemi Isnadi Kafin a Taya

Duk wanda ya bibiyi gidajen gwanjon kayan tarihi na Landan da Faris zai tarar cewa, bayan manyan gumaka da akwatunan gawa waɗanda jaridu ke yayata farashinsu, akwai wata 'yar haja da ba ta yankewa, ba kuma a cika tsananta mata bincike ba, wato duwatsun wuya da layun mutanen Masar na dā. Saboda ƙanƙantarsu da sauƙin kuɗinsu, mai saye yakan ɗauka babu wani alhaki a kansa. Ni kuwa a ganina a nan ne ɓarnar ta fi yawa, domin abin da ke shiga aljihu ya ƙetare iyaka ba tare da kowa ya ɗaga ido ba, shi ne ke ciyar da masu tonon kaburbura.

Ba na musun cewa abin sha'awa ne. Magabatan Misirawa sukan kwaɓa garin farin dutse da kanwa da ɗan tagulla, su gasa, sai ya fito shuɗi garau yana ƙyalli. Sukan haɗa shi da jan aƙiƙi, da fairuzi daga Sina'i, da lazawardi wanda fatake ke kawowa tun daga duwatsun Badakshan na Afganistan. Daga cikin layunsu akwai mai siffar ido, akwai kuma mai siffar buzuzu da ake ɗora wa mamaci a ƙirji, an rubuta masa roƙo a ciki kada zuciyarsa ta ba da shaida a kansa ranar hisabi, bisa ga aƙidarsu. Lokacin da mai binciken kayan tarihi Howard Carter ya warware likkafanin Fir'auna Tutankamun a 1925, ya ƙidaya layu da kayan ado 143 a jikin gawar.

To, amma ya kamata mai saye ya san haƙiƙanin abin da ke hannunsa. Zaren da aka shirya duwatsun nan a kansa ya riga ya ruɓe tun ƙarnuka, saboda haka galibin abin wuyan da ake tallatawa a yau, dillali ne ya tsinto duwatsun, sau da yawa daga ragar da ake lulluɓa wa gawa, ya zura su a sabon zare yadda ya ga za su yi kasuwa. A kwatanta wannan da rigar duwatsu da masu bincike suka samu a wani kabari na Giza a 1927, wadda, saboda an rubuta yadda duwatsun suke kwance kafin a taɓa su, aka iya sake shirya ta da ƙwayoyi wajen 7,000, ga ta nan a gidan tarihi na Boston. Dutsen da aka tono da dare kuwa, ba a san kabarinsa ba, ba a san zamaninsa ba, ya rasa ilmin da ke tattare da shi har abada.

Wani zai kawo hujja da hukuncin rikazi, ya ce ai dukiyar jahiliyya da aka binne ta wanda ya samu ce, in ya fitar da humusi. Sai dai malaman da suka kawo wannan hukunci su ne kuma suka ruwaito cewa Imamu Malik ya karhanta tone kaburburan jahiliyya don neman dukiya. Haka nan Abdullaɗif al-Bagdadi, wanda ya zauna a Masar wajen shekara ta 1200, ya koka da yadda kwaɗayi ya sa mutane suna farfasa kayan magabata suna neman taska. Ban da wannan, hukumar ƙasar ta riga ta yanke magana: doka mai lamba 117 ta 1983 ta mai da kayan tarihi dukiyar al'umma, ta kuma haramta cinikinsu, bayan yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan hana safarar kayan tarihi ta haramtacciyar hanya.

Adalci ne a faɗi cewa ba duk abin da ke kasuwa ne na sata ba, domin akwai zamanin da gidan tarihi na Alƙahira da kansa yake da ɗakin sayar da ƙananan kaya, ana kuma raba abin da aka tono da masu bincike na ƙetare. Gaskiya ne kuma cewa tsaro a Masar yakan yi rauni, kamar yadda aka wawushe gidan tarihi na Mallawi a 2013. Amma sakacin mai gadi bai taɓa halatta wa ɓarawo kaya ba. Abin da ya fita ta halal yana da tarihinsa a rubuce, kuma wannan tarihi shi ya wajaba a nema, kamar yadda malaman hadisi ba sa karɓar ruwaya sai sun bi isnadinta mutum bayan mutum, sun kuma auna amincin kowane mai ruwaya. Takarda kaɗai ba ta wadatarwa, tun da babban gidan tarihi na Metropolitan a Amurka ya sayi akwatin gawar wani mai suna Najamank a kan dala miliyan 4 ko kusa da haka a 2017, sa'an nan ya mayar da shi Masar a 2019, bayan ta bayyana cewa lasisin fitarwar jabu ne.

Mu da aka kwashe wa gumakan Nok da na Bura ba baƙi ba ne ga wannan ciwo, bai kuwa kamata attajiranmu su shiga sahun masu yi wa wasu abin da muke kuka da shi ba. Wanda ado yake so, masu sana'a a Alƙahira da Luksor suna yin kwaikwayo mai kyau, su sayar da shi a matsayin sabo. Wanda kuma ya nace sai na asali, to ya tambayi dillali a hannun wa abin yake kafin 1970, da shaidar da za a iya bincikawa. In ya fara kame-kame, a bar masa kayansa.