Lugude A Kan Tsirkiya Shida

Makon jiya ɗan ƙanwata, ɗalibi a jami'a, ya shigo mini da jita a rataye, ya ce in taya shi neman mai saye. Wata huɗu ke nan da ya matse guzurinsa ya saye ta, yatsunsa na hagu har sun yi kanta, amma ko waƙa ɗaya bai iya kai ta ƙarshe ba. Ya ce, "Kawu, ni dai ba ni da baiwar." Na ce ya zauna ya kaɗa in ji. Bai yi minti guda ba na gane cutarsa, domin ita ce ta sa ni ma na jingine tawa jitar a bayan ƙofa shekara da shekaru.

Hankalinsa duka yana kan hannun hagu, mai danna tsirkiya. Duk lokacin da zai sauya kamun yatsu, sai hannun dama ya tsaya cak yana jira, kiɗan ya yanke, ya sake tashi, kamar mota mai dattin mai. Mai sauraro kuwa yana yafe sautin da ya ɗan kauce, amma ba ya yafe bugun da ya tsinke, don da shi yake gyaɗa kai.

Ra'ayina, ko da wasu masu koyarwa za su yi musu, shi ne sabon shiga ya sallami hannun hagu na mako guda. Ya ɗora yatsunsa sako-sako a kan tsirkiyoyin shida ba tare da ya danna ba, yadda ba abin da zai fito sai ƙaras-ƙaras. Ya riƙe 'yar robar kaɗawa tsakanin babban yatsa da gefen manuni, bakinta kaɗan ya leƙo, kuma ya zaɓi mai laushi, don mai kauri takan sarƙe. Motsin daga wuyan hannu yake fitowa, kamar mai yarfe ruwa bayan wanke hannu. Wanda ya sandare hannu yana kaɗawa daga kafaɗa, gajiya zai yi, makwabta ma su gaji.

Duk wanda ya taso a gidan da ake daka ya riga ya san sauran darasin. A lugude, taɓarya ba ta tsayawa a sama tana shawara. Ko mace ta cilla ta ta tafa, a kan ƙa'ida take faɗawa turmi. Haka hannun dama: ƙasa, sama, ƙasa, sama, ba hutu. A fara da saukowa kaɗai, ana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, tare da agogon bango, wanda ke ba da bugu 60 a minti. In ya zauna, sai a ce "ɗaya da biyu da uku da huɗu da". Kowace lamba saukowa ce, kowace "da" hawa ce. A hawan, ba dole a taɓa duka shida ba. Sirara uku ko huɗu na ƙasa sun isa.

Abin da ya ɗauke ni shekaru ban gane ba shi ne salo ba ya zuwa daga sauya motsin hannu. Yana zuwa ne daga inda aka ƙi taɓa tsirkiya. Ɗauki salon da kusan kowane mai koyo ke farawa da shi: ƙasa, ƙasa-sama, sama-ƙasa-sama. A kan "uku" ba a jin komai, amma hannu ya sauka, iska kawai ya kaɗa. Wanda ya tsayar da hannu a wannan gurbi, hawan da ke biye zai zo masa a karkace, kuma ba zai san dalili ba.

Na tuna wa yaron marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Tsirkiya ɗaya tak ke kan kuntiginsa, amma bugun da ba ya kuskure ya ɗauki muryarsa shekaru masu yawa. Na kuma kunna masa Mdou Moctar na Nijar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, na ce ya bar kallon gwanin, ya saurari mai jita na biyu da ke riƙe masa bugu. (Mdou bahago ne, bahagwai sai su juya duk abin da na faɗa.)

Daga nan na ba shi kamu biyu kawai: wanda ake rubutawa Em, mai yatsa biyu, da Am, mai yatsa uku, wanda ake tsallake masa tsirkiya mafi kauri. Na ce ya ɗage yatsunsa a kan "da" ta ƙarshe, ya bar tsirkiya ta yi amo a sake, ya isa sabon kamu a kan "ɗaya". Karo na bakwai ko na takwas ya wuce ba tare da ya tsaya ba, ya ɗago ya dube ni.

Ya koma makaranta da jitarsa. Na ce ya dawo ran Asabar, kuma kada ya kuskura ya taɓa kamu na uku kafin nan.