Kalmar sirrin foldar ƙungiya amana ce, kada ta zauna a kan mutum ɗaya



A watan da ya wuce na zauna zan fitar da sunayen waɗanda suka biya kuɗin wata, sai foldar ƙungiya ta ƙi buɗewa. Ni na sa mata kalmar sirri da hannuna, ni kuma na manta ta. A ciki akwai rajistar mambobi da lissafin asusun taimakon jana'iza. Kwana uku ina fama kafin na tarar da kalmar a bayan wani tsohon littafin taro.

A kwanakin nan na gane cewa kulle folda iri biyu ne. Wasu manhajoji ɓoye ta kawai suke yi, fayilolin suna nan lafiya, mai gyaran da ya san aikinsa zai iya fito da su. Amma irin su 7-Zip da WinRAR da Excel na zamani murɗe bayanan suke yi da tsarin AES. Idan babu kalmar, sai dai canki-canka, kuma in doguwa ce wahalar banza za a sha. Kamfanin Microsoft da kansa ba ya iya dawo wa mutum da kalmar sirrin fayil ɗin Word ko Excel.

Duk wanda ya shiga wannan hali, kada ya yi gaggawar goge manhajar ko wanke kwamfutar. Ya fara kwafe foldar zuwa wani wuri. Idan BitLocker ne ya kulle, akwai makullin ceto mai lambobi 48 da sau da yawa ake samu a asusun Microsoft na mai kwamfutar. Idan kuwa amintacciyar foldar manhajar Files ta Google ce a waya, sake saita ta yana shafe duk abin da ke ciki. A kuma yi hattara da manhajojin fasa makulli na intanet, da yawansu cuta suke sa wa kwamfuta.

Ra'ayina shi ne, takardun jama'a bai kamata su dogara da ƙwaƙwalwar sakatare ba. Yau ina nan, gobe ina iya tafiya Arewa ganin gida, ko ciwo ya kwantar da ni, ko ta Allah ta kasance. A rubuta kalmar, a rufe ta a ambulan biyu, ɗaya wajen shugaba, ɗaya wajen ma'aji. A ajiye kwafin fayilolin a filashi, a sabunta shi duk wata.

Wani zai ce sirrin da ya wuce mutum ɗaya ya tashi daga sirri. To ai asusunmu na banki ma sai da sa hannun mutum biyu ake taɓa shi, kuma ba wanda ya kira hakan tonon asiri.

Zan gabatar da wannan shawara a taro mai zuwa. Allah ya ba mu ikon riƙe amana.