Kafin A Kai Iyali Cin Fiza Da Sushi

Idan maigida ya kwashi iyali daga Agwada ko Keffi, aka sha cunkoson Mararaba aka isa Abuja don ɗanɗana girkin Italiya ko na Japan, babu laifi. Sai dai uwargida, ki yi tambaya kafin a kawo faranti. Yankakken naman saman fiza, a girkin asali, galibi na alade ne.

Sushi mai ɗanyen kifi kuwa, mai juna biyu da ƙananan yara su haƙura, a gasa musu. Baƙin romon waken suya da ake tsomawa ciki, babban cokali guda ya haura gram 2 na gishiri, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ƙasa da gram 5 ta yarje a yini. Mai hawan jini ya ɗan diga kawai.