Ciwon Shugaba Ba Nasa Ba Ne Shi Kaɗai

Ya ku 'yan'uwa talakawa, wane ɗan kasuwa ne zai loda kayansa a motar da direbanta ke rawar ɗari, ga shi ya haɗiyi ƙwaya don kada barci ya ɗauke shi? Babu. To, ƙasa ma mota ce, shugaba ne direbanta, mu ne a baya. Ku ji abin da ya sami Ingila.

A 1953 aka yi wa Antoni Idin aikin matsarmama, wuƙar likita ta ɓata hanyar da ruwanta ke bi. Tun daga nan zazzaɓi bai rabu da shi ba. Duk da haka ya zama Firayim Minista a 1955. Likitoci suna ba shi maganin barci da dare, suna kuma ba shi wata ƙwaya, Drinamyl, mai wartsake jiki. Irin wannan ƙwaya takan kawo rashin barci da saurin fushi, ta sa mutum ya ga babu mai dabara sai shi.

Ran 26 ga Yuli 1956 Shugaba Nasar ya mayar da mashigin Suwez hannun Masar. Farkon Oktoba zazzaɓi mai zafi ya kwantar da Idin a asibiti. Kafin watan ya ƙare ya ƙulla yaƙi a asirce da Faransa da Isra'ila. Aka yi wa Masar ruwan bama-bamai, ɗaruruwan mutane suka mutu a Fot Sa'id. Amurka ta hana Ingila rance, tilas aka tsai da yaƙin cikin 'yan kwanaki. Mashigin ya toshe, fetur ya koma sai da kati a Ingila. Idin ya tafi Jamaika jinya, ya sauka a Janairun 1957.

Ba mu ce ƙwaya kaɗai ta jawo wannan ba, girman kan mulkin mallaka yana ciki. Amma mutanen da aka tura 'ya'yansu yaƙi ba su san abin da shugabansu ke sha ba.

Mu ma mun ɗanɗana ɓoyon nan. A Nuwamban 2009 aka fita da marigayi Shugaba 'Yar'aduwa zuwa Sa'udiyya, ƙasa ta yi fiye da wata biyu ba a san mai riƙe da ita ba.

Ciwo ba abin kunya ba ne, kowa yana iya kwantawa. Laifin yana wuyan fadawa masu rufe ƙofa don kada abincinsu ya yanke. Saboda haka muna kira a yi doka: likitocin da ba shugaba ne ya naɗa su ba su riƙa duba shi kowace shekara, su kai wa majalisa bayani. In ya kasa, mataimakinsa ya riƙe har ya warke. Wanda ya nemi ƙuri'armu, to, ya yarda mu san lafiyarsa.