Baƙin ciki ba hauka ba ne, ku daina yaga mata zane

Ƴan'uwa ɗalibai, bari in fara da goggona. Shekarar da ɗanta ya rasu a Mai Yara, ta yi wata huɗu ba ta magana sai amsa gaisuwa. Tana daka, tana salla, amma kullum dare sai ta zuba tuwo a akushinsa ta rufe. Da na je hutu na ce a kai ta asibitin Dakoro, sai aka ce mini: "Haba, lahiya lau take. Ka ga tana tsince-tsince a bola?"

Wa ya ba mu wannan ma'auni? Fim ɗin da ake tura mana a waya yana da babban kaso.

Littattafanmu sun san ciwon zuciya. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976, uwa ta bi sawun ɗanta har ta ƙetare Sahara, ta faɗa bauta, ba ta fasa ba. A In da So da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya zama fim a 1994, ƙunci ya kai Sumayya ga faɗawa rijiya. Masu karatu sun bi matan nan taki-taki.

To yau fa? A ɗauko littafi, shafi ashirin na zullumi a dunƙule shi minti uku: gashi a yamutse, toka a fuska, dariya ba dalili, yara na jifa. Malam ya yi ruƙiyya, ta yi atishawa, shi ke nan ta warke. Wallahi wannan lalaci ne.

Ni ɗalibin ilimin harshe ne. Hausa na da jimami, alhini, takaici, ƙunci, damuwa, taɓin hankali. Kowace kalma da nauyinta, kowace da irin kulawar da take nema. Kyamara ta kwashe su duka ta zuba a buhu ɗaya, ta rubuta masa "hauka".

Za su ce kyamara ba ta ganin zuciya, dole a nuna abin da ido zai kama. To ku nuna akushin nan. Ido zai kama shi, kuma duk wanda ya taɓa rashi zai gane.

Marubutan cikinmu, in mai fim ya zo sayen labarinku, kada ku tsaya ga kuɗi kawai. Ku tambaye shi yadda zai nuna matar da ta yi rashi. In ya ambaci bola, ku karɓe littafinku.